Daga Littafin Ma'aji Zuwa Kuɗin Tallafi: Wa Ke Da Ikon Duba Lissafi A Kano?

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari sauti ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda aka saba.

Yau maganar kuɗin tallafi za mu yi, wato kuɗin da ƙasashen waje da manyan bankuna da ƙungiyoyi suke turowa da sunan talakan Kano. Kullum muna ji a rediyo, an ware dala miliyan kaza don lafiya, miliyan kaza don karatun 'ya'ya mata. Tambayar da nake so mu bi ta cikin tarihi guda ɗaya ce: idan kuɗi ya shigo da sunanmu, wa yake da ikon buɗe littafin ya duba? Domin littafi kam akwai shi, an fi shekara ɗari ana rubuta shi a garin nan.

Kafin wani ya ce min wannan ai aƙidar Turawa ce, bari mu fara daga lungunmu. Duk ɗan cikin birni ya san yadda ake gyaran masallacin unguwa. Bayan an idar da sallah wani dattijo zai miƙe da takarda, ya karanta abin da aka tara, nawa aka sayi siminti, nawa aka ba magini, nawa ya rage. Iyayenmu mata kuma, ranar biki akwai wadda aikinta kawai riƙe littafi, kowace gudummawa da sunan mai ita, saboda gobe za a rama. Uwar adashi da ta kasa faɗin wa ya kwasa, wa ya rage, ba ta sake ganin zubi. Mun san lissafi a bainar jama'a tun kafin a ƙirƙiro intanet. Sai kuɗin ya yi yawa, ya zama na hukuma, sannan ake ce mana ba huruminmu ba ne.

To mu koma baya. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. A shekarun farko, haraji yana bin tsohuwar hanya: daga talaka zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, kowa ya ɗauki rabonsa a hanya, Bature ya karɓi nasa. Sai Razdan Palmer ya gwada wani tsari a Katsina zamanin Sarki Dikko, aka kira shi Baitulmali. Wajen 1909 tsarin ya iso Kano. Abin da ya canja shi ne, harajin da aka tara a raba, gwamnatin Turawa ta ɗauki kasonta, kason En'e kuma ya shiga asusu guda a hannun Ma'aji. Sarki ya koma ɗan albashi, hakimai da alƙalai da dogarai ma haka. Kowace shekara a rubuta ƙiyasin abin da zai shigo da abin da za a kashe, Razdan ya duba ya amince.

Ni dai ba na cikin masu cewa Baitulmali bai yi komai ba. Baitulmalin Kano ya fi na ko'ina ƙarfi a Arewa, kuma da kuɗinsa aka gina asibitin cikin gari da muke kira Asibitin Murtala yau, da shi aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kawo wutar lantarki zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930. Ba kyautar kowa ba ce, harajin manomin gyaɗa ne da jangalin Bafulatani da kuɗin marina da maƙera. Har ma akwai abin da ba a cika koya mana a makaranta ba: rarar kuɗin baitulmalin Arewa a Landan ake ajiye wani sashe nata, kuma a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an ɗebi kuɗi daga waɗannan asusun an ba Ingila gudummawa. Wato akwai lokacin da tallafi daga nan yake tafiya can. Ku riƙe wannan, don ranar da wani zai ce muku mai karɓar sadaka ba ya tambaya.

Amma lissafin nan, sama yake kallo. Ma'aji yana yi wa Sarki bayani, Sarki da majalisarsa suna yi wa Razdan, Razdan yana yi wa Kaduna, Kaduna ta yi wa Ikko, Ikko ta yi wa Landan. Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji, abin da yake samu shi ne 'yar takardar rasit da zai nuna idan an tare shi a hanya. Shi dole ne ya tabbatar ya biya, amma babu wanda ya zama dole ya nuna masa inda kuɗin ya tafi. Wannan na daga cikin abin da ya haifar da NEPU a nan Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma a wannan watan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

A 1962 gwamnatin Sardauna ta naɗa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. Ƙarshen binciken shi ne murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya a 1963 da tafiyarsa Azare. Har gobe in ka zauna da dattawan cikin birni za ka ji ra'ayi biyu, wasu su ce kuɗi ne suka salwanta, wasu su ce siyasa ce tsakanin manya biyu aka fake da lissafi. Ba zan raba wannan gardama ba. Abin da ya dame ni shi ne, an yi bincike a kan harajin talakan Kano, binciken ya girgiza gadon sarauta, amma cikakken rahoton bai zo hannun talakan ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan muna musu da ji-ta-ji-ta.

Tallafin waje irin wanda muka sani yau ya shigo ne ta wannan ƙofar da ya tarar. Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946 an yi masa ƙiyasin fam miliyan 55, Ingila za ta ba da miliyan 23. Bayan 'yanci sai Amurka da Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo. KNARDA da iyayenmu manoma suka sani, da rancen Bankin Duniya ta tashi a farkon shekarun 1980. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talaka ya huta, amma hanyar lissafi ba ta juyo ƙasa ba. Sunan mai karɓar rahoton ne kawai ya canja, daga Razdan zuwa wani ofis a Washinton ko Janeba.

Yanzu ga wurin da nake so ku natsu, domin nan ne ɓoye bayani ya ci rayuka.

A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa, ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Asibitin Zana ya cika maƙil. Likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna wurin suna ba da magani kyauta. Sai kamfanin Pfizer ya turo tawaga wannan asibitin don gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara 200 aka ɗauka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma an yi wa iyaye bayani da baki sun yarda. Iyayen kuma suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Ka sa kanka a matsayin uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, ta ga Turawa da farar riga a nan, ta ga wasu a can. Ta ina za ta gane waɗannan agaji suka kawo, waɗancan gwaji suka zo yi?

Labarin bai fito ba sai a Disambar 2000, kuma jaridar Washington Post ta Amurka ce ta fasa ƙwan. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya gama aiki a 2001, rahoton ya shige durowa. Sai a 2006 wannan jaridar dai ta samu kwafi ta buga abin da ke ciki. Ku duba fa, rahoton gwamnatinmu, a kan 'ya'yanmu, sai da ya tsallaka teku kafin mu san abin da ya ƙunsa.

A tsakanin nan me ya faru? A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano zamanin Malam Ibrahim Shekarau, bisa zargin an gurɓata ta. Kusan shekara guda aka yi, sai a ƙarshen Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. A wannan tsakanin da bayansa cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Zargin ba gaskiya ba ne, gwaje-gwaje sun wanke allurar, kuma ita ce dai ta kai mu ga ranar da aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a Sumaila, cikin Yulin 2014. Amma duk mai cewa jahilci ne kawai ya sa Kanawa suka ƙi, bai yi adalci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Mutane suna tambaya, me ya sa maganin zazzaɓi sai da kuɗi, wannan kuma ake bin mu har ɗaki kyauta, wa yake biya, me zai samu? Tambaya ce mai amsa. Da an saba buɗe mana littafi, da amsar ta samu masu yarda da ita. Yaran da suka shanye a waɗannan shekarun sa'o'inmu ne, wasunsu muna ganinsu a kan kekunan guragu a danja.

A 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 don iyalan yaran, miliyan 30 don ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a Agustan 2011 aka fara biya, iyalai huɗu suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayoyin halitta. To ita miliyan 30 ta lafiyar fa? Tsayar da mutum goma a Kasuwar Kurmi ka tambaye su yadda aka kashe ta dalla-dalla, ka ga ko za ka samu ɗaya.

A daidai wannan lokacin duniya ma ta fara gajiya da wannan duhun. A Satumbar 2008, a wani taro a Akra ta ƙasar Gana, aka ƙaddamar da wani shiri da ake taƙaita sunansa da IATI. Manufarsa mai sauƙi ce: duk mai ba da tallafi ya wallafa bayanansa a fili, cikin tsari iri ɗaya da kwamfuta za ta iya karantawa ta haɗa. An fara wallafawa a 2011, yau kuma ƙungiyoyi da hukumomi fiye da dubu suna zuba bayanansu. Ana shiga kyauta, akwai shafin d-portal inda za ka zaɓi Najeriya ka ga ayyuka. Kowane aiki yana da lamba, da sunan mai ba da kuɗi, da mai aiwatarwa, da ranar farawa da gamawa. Kuma abin da ya fi min komai amfani, an raba adadi uku da 'yan siyasarmu suke son cakuɗawa: abin da aka yi alƙawari, abin da aka saki, da abin da aka kashe. Idan ka ji an ce "an ware", to na farkon ake nufi, kuma tsakaninsa da na ukun tafiya ce mai nisa.

Mutanen Bagega sun san nisan wannan tafiyar. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. An share wasu ƙauyuka, aka bar Bagega a ƙaramar hukumar Anka, kuma likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya zauna cikin ƙasar da ke da guba, sai an kwashe ta. A Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850. Wata ya bi wata, shiru. Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara gangamin da ya zama Follow The Money, tare da matsin lambar wasu ƙungiyoyi. Ba su da wani makami illa adadi guda, da ranar da aka yi alƙawarin, da sunan garin. A Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka yi aikin sharar, aka fara yi wa yaran magani a wannan shekarar. Hamzat bai kai shekarun da nake da su yanzu ba lokacin.

To tunda an buɗe, shike nan? Ina! Na sha zama da wayata ina laluben Kano a waɗannan shafukan, kuma ga abin da za ka tarar. Komai da Turanci ne, Turancin ma na 'yan ofis. Kuɗin da dala ne ko fam ko yuro. Yawancin ayyukan an rubuta Najeriya ne kawai, in an kyauta a ce jihohi kaza har da Kano. Sanya takamaiman wurin aiki ba dole ba ne a tsarin, don haka da wuya ka ga Dala ko Gwale ko Birni da Kewaye, balle Jakara ko Yakasai ko Mandawari. Kuma bayanin yakan tsaya ne a hannu na farko. Za ka ga ƙasa kaza ta ba babbar ƙungiya kaza miliyan kaza, daga nan sai sawu ya ɓace, alhali kuɗin sai ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya zama rijiyar burtsatse. Akwai irin wannan rijiyar a kusa da mu, allonta ɗauke da tambari har huɗu, an rubuta ranar buɗewa da sunan babban baƙo, ba a rubuta ko nawa aka kashe ba, ba sunan ɗan kwangila, ba lambar da za ka kira in ta lalace. Ta kuwa lalace, yara sun koma bin 'yan garuwa.

Sannan kalmar tallafi kanta tana ɓoye abu. Ku ɗauki AGILE, shirin karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a Yulin 2020 a kan dala miliyan 500, Kano na cikin jihohi bakwai na farko. Mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce. Rance ne mai sauƙin ruwa, amma rance ne, kuma 'yan matan da ke aji yau suna cikin waɗanda za su biya. Takardun shirin suna nan a shafin bankin, kowa zai iya saukewa, kuma a cikin tsarin akwai kuɗin gyara da ake turawa makarantu ta hannun kwamitin iyaye da malamai da masu unguwa. Ga wuri mafi sauƙi da za a fara. Me zai hana a liƙa takarda a ƙofar kowace makaranta, da Hausa, da boko da ajami: ga abin da ya shigo, ga ranar, ga abin da aka yi da shi? Kuɗin fenti da allo ne kawai.

Ba komai nake cewa a baza ba, kar a fahimce ni a baibai. Sunan bazawarar da ta karɓi buhun shinkafa ba na intanet ba ne, mutuncinta ya fi ƙarfin haka. A wuraren da ake rikici kuma, faɗin inda ma'aikatan agaji suke kwana zai iya jawo a kashe su. Amma kuɗin kwangilar gina aji uku a Gwammaja ba sirrin tsaro ba ne.

Wani darasin kuma 2025 ce ta koya mana shi. Ranar 20 ga Janairu Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka, cikin 'yan kwanaki shafin USAID ya sauka daga intanet, rumbun rahotanninta na shekaru da dama ya ɓace daga idon jama'a, a tsakiyar shekara aka rufe hukumar. Ƙasar da a da take ba Najeriya wajen dala biliyan 1 a shekara ke nan, mafi yawa a harkar lafiya da agaji. A cikin wannan ruɗanin wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi zargin kuɗin hukumar sun kai ga Boko Haram. Ofishin jakadancinsu a Abuja ya musanta, amma kun ga yadda maganar ta zagaye WhatsApp da Facebook cikin kwana biyu. Masu yarda ba su da takarda, mu masu shakka ma ba mu da wani littafi namu na gida da za mu buɗe mu ce ga inda kowace dala ta sauka. Littafin yana hannun mai bayarwa, ranar da ya ga dama ya naɗe abinsa. Shi ya sa nake ganin wallafawar masu ba da tallafi ba ta wadatar ba. Ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta jiha ita ke hulɗa da waɗannan ƙungiyoyi, ita ya kamata ta riƙe rajista a fili, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mazaɓa bayan mazaɓa, a kuma karanta ta a gidajen rediyo, tunda a Kano abin da bai shiga rediyo ba bai shiga gari ba.

Doka ma tana bayanmu. Tun ranar 28 ga Mayun 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar duk ɗan ƙasa da ya nema, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su. Takardar ba ta buƙatar lauya. Sunan aikin, wurin da yake, da tambaya uku: nawa aka yi alƙawari, nawa aka saki, wa aka biya. Ka kai ofis, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka fara ƙirga kwana.

Duk wanda ke da irin wancan allon a unguwarsu, na asibiti ne ko makaranta ko rijiya, ya ɗauki hotonsa ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutun tare da sunan unguwar, ban da hoton fuskar kowa. A shiri na gaba za mu zaɓi guda uku daga cikin ganuwa, mu nemo lambobinsu a shafukan masu ba da kuɗin, mu rubuta takardun tare.